Sauro Mai Takalma da Gwiwar Inji

Duk wanda ya ga Sauro yau, da tumbinsa da ɗingishinsa, sai ya rantse wanda ya laƙa masa sunan nan zolayarsa yake yi. Ba zolaya ba ce. Shekara ashirin da suka wuce ɗan siriri ne kamar tsinke, ɗan wasan gefen dama, ya dami 'yan baya ta nan ya ɓullo musu ta can, su kai masa duka su doki iska. Magoya baya ne suka sa masa Sauro, sunan kuma ya bi shi har yau, sai dai 'yan wasan yanzu sun ƙara masa girma suna cewa Baba Sauro. Shi ne mai kula da takalman ƙungiyar da ya taɓa yi wa wasa.

Ɗakin aikinsa yana ƙarƙashin matakalar 'yan kallo, inda in an ci ƙwallo ƙura take zubo masa a ka saboda tsallen jama'a. Ba taga, sai fanka guda wadda ƙararta ta fi iskarta. Kanta ce jere a bango, kowane ɗan wasa da gurbinsa da lambarsa. Akwai bokiti biyu, da buroshin waya, da gam, da 'yar sifanar kwance ƙusoshin ƙasan takalmi, da tarin tsofaffin jaridu da yake cusa wa jiƙaƙƙen takalmi don su tsotse ruwa. Warin ɗakin kuwa ba a magana. Matarsa ta ce ko turare nawa zai fesa, ita dai ta san da ƙafafun mutum ashirin da biyar aka ɗaura mata aure.

Yana da shekara goma sha bakwai aka fara sa shi a babbar ƙungiya. Ga gudu, ga farin jini, kowa yana son ganinsa a fili, sai kuwa aka yi ta nuna shi. Laraba wasa, Asabar wasa, ga gasa, ga kofi, ga doguwar tafiya a mota a sauka a shiga fili. Ko hutu ya zo sai a ce akwai wasan sada zumunta, kuma don shi jama'a za su cika wuri. Yana ashirin da ɗaya gwiwar hagu ta fara yi masa magana. Aka yi masa allurar kashe zafi, ya shiga, ya ci biyu, aka fito da shi a kafaɗa. Daga nan allura ta shiga cikin kayan shirinsa, kamar safa da bandeji. A nan dole a faɗi gaskiya, domin shi kansa Sauro ba ya ɓoye ta: ba wanda ya ɗaure shi aka soka masa. Da ƙafarsa yake zuwa ya roƙa, don ya san akwai mutum uku a benci da ke jiran ya yi tuntuɓe, kuma rigar da ka tuɓe mako ɗaya ba lalle ka same ta inda ka ajiye ba.

Abin da bai gaya wa kowa ba a lokacin shi ne zuciyarsa ta riga gwiwar gajiya. In hadari ya haɗo ranar wasa sai ya yi ta fatan a tsuge da ruwa har a ɗage. Ya ci ƙwallo, abokai su yi masa rumfa suna ihu, shi kuwa yana ƙasa yana tunanin yaushe za a tashi. Ranar da abin ya ƙare ma ba a gaban jama'a ba ne, ba kuma wani ne ya kwashe shi ba. Wata Talata ce a wurin atisaye, ya juya zai ɗauko ƙwallon da ta fita, ya ji ƙas, ya zauna a ciyawa. Shekarunsa ashirin da biyar, lokacin da wasu suke fara cin moriyar ƙafarsu.

Shekara biyu ya yi a gida yana kallon bango. Matarsa tela ce, kuma lokacin aurensu ko shekara bai cika ba. Ta yi lallashi a banza, ta yi kuka a banza, sai ta koma faɗa, faɗan ne kuwa ya ci. Da kanta ta je wurin tsohon da ke kula da takalman ƙungiyar, ta ce ga mijinta can zai ruɓe a kan kujera, don Allah ya ba shi ko da wankin laka ne.

Tsohon nan ne ya koya masa karatun ƙasan takalmi. Ya ce ɗan ƙwallo yana iya yi wa koci ƙarya, ya yi wa likita, ya yi wa uwar da ta haife shi, amma ƙusar takalminsa ba ta iya ƙarya ba. Mai lafiya ƙusoshinsa tare suke cinyewa, dama da hagu. Wanda yake tausaya wa ƙafa ɗaya kuwa, sai ya jibga wa ɗayar nauyi, ƙusoshinta su ƙare tun na 'yar'uwarta suna sabbi. Wata rana tsohon ya hau kujera ya sauko da wani takalmi mai ƙura daga can saman kanta, ya kife shi a gaban Sauro. Nasa ne na da. Ƙusoshin dama sun zama kamar an goge su da dutse, na hagu kuwa ko rabi ba su ci ba.

"Shekara uku kafin ka faɗi na ga wannan," in ji tsohon.

"Ka gani, Baba? To me ya hana ka faɗa?"

"Ɗakin takalma ba ya magana, ɗana."

Doka ce da ba a rubuta ba, amma ta fi ta alƙalin wasa ƙarfi. Ɗakin takalma shi ne wuri ɗaya a filin nan da ɗan wasa zai shiga ya rufe ƙofa ya zagi koci, ko ya yi kuka, ko ya faɗi inda yake masa ciwo, kuma ya san maganar a nan za ta kwana. Mai takalman da ya kai magana sama ya gama aiki, ko da ba a kore shi ba. Sauro ya daɗe yana jin haushin tsohon nan, har bayan rasuwarsa. Amma da ya gaji ɗakin sai ya gaji dokar tare da sifana da buroshi, ya riƙe ta shekara goma sha biyar bai taɓa saɓawa ba. Abin da yake yi dai shi ne ya ja mutum gefe ya yi masa nasiha, wasu su ji, wasu su ce to Baba, su ci gaba da abinsu.

Sai ga Inji.

Ɗan wasan tsakiya ne, shekara ashirin da uku, kuma bai ci sunan a banza ba. Kakar wasa uku a jere ba a taɓa cire shi ba, ko na minti ɗaya. Shi ne a gaban gola yana tare, shi ne a can gaba yana miƙawa, har magoya baya suna cewa huhu huɗu gare shi. Tun yana sha shida ya zo ƙungiyar da takalmin aro wanda ya yi masa yawa, Sauro ne ya cusa masa soso a gaba ya daidaita. Yaro ne mai surutu da waƙe-waƙe, in ya shigo ɗakin takalma sai ya ɗaga murya ya danne fanka, ga shi muryar ba daɗi. Sauro kan ce da a ce da maƙogwaro ake buga ƙwallo, da tuni an sallame shi.

A tsakiyar kaka ta huɗu waƙar ta ɗauke. Sauro bai kawo komai a ransa ba da farko, sai da ya lura ƙusoshin hagu na Inji, waɗanda a da suke kai wasa biyar, yanzu wasa biyu sun gama. Na dama kuwa gefen waje kaɗai suke ci. Ya sauya su, amma maimakon ya zubar da tsofaffin sai ya riƙa tara su a wani gwangwanin madara. Ya ga kuma yaron ya daina durƙusawa ya kwance igiya, sai ya taka dunduniya da ɗaya ƙafar ya zare. Gwangwanin yana cika, damuwar Sauro tana ƙaruwa.

Wata Litinin bayan atisayen safe, kowa ya watse, ya dawo daga zubar da ruwan bokiti ya tarar da Inji zaune a kan benci, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya ƙura wa kanta ido. Sauro ya tura ƙofa ya rufe.

"Gwiwar dama ce, ko?"

"Lafiyata ƙalau, Baba."

Sauro ya juye gwangwanin a kan tebur. Ƙusoshin suka gangara, wasu suka faɗi ƙasa. Inji ya dube su, ya dubi Sauro, sai idonsa ya kawo ruwa.

"Wata huɗu ke nan," ya ce. "In na tashi da safe sai na dafa bango kafin in kai banɗaki."

"Likitar ƙungiya ta sani?"

"Ina! Ai ranar da ta sani ranar zan ga benci. Akwai wani da nake zuwa wurinsa a cikin gari, ya yi mini allura kafin wasa. Tana riƙe ni har a tashi."

"Da allura ɗaya ka fara, yanzu biyu ne."

Inji ya ɗago da sauri. "Wa ya gaya maka?"

"Hanyar ai na bi ta, har ramukanta na sani. Barci fa?"

"Ba na yi sosai." Sannan ya ce, "Baba, in gaya maka abin da ko matata ban gaya wa ba? Wallahi in na ga ƙwallo yanzu zuciyata tashi take yi. Ni da nake kwana da ita a gado ina yaro. Ranar Asabar da aka busa tashi, ba murnar mun ci na yi ba, murnar an gama na yi."

Sauro ya ji kamar muryarsa ta da ce take fitowa daga bakin wani. Ya ce masa ya je wurin Likita yau ɗin nan, ba gobe ba. Inji ya girgiza kai. Wasa shida suka rage a kammala gasa, ƙungiya tana matsayi na biyu, kuma wakilan wata babbar ƙungiya daga waje suna zuwa kallonsa kowane mako. In ya kai ƙarshe za su ɗauke shi, can kuwa akwai manyan likitoci, sai su gyara shi gaba ɗaya.

"Wasa shida ne kawai, Baba. Ka bar ni in ƙarasa. Kuma ka san doka."

Ya san ta kuwa. Ya tattara ƙusoshinsa ya mayar cikin gwangwani.

Da la'asar ya koma gida ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki, awo rataye a wuya, allurai biyu a baki. Ya zauna bai tuɓe takalmi ba, bai nemi ruwa ba. Ta dube shi ta gefen ido ta ci gaba da taka keke, don ta san mijinta: in ka tambaye shi sai ya ce ba komai, in ka ƙyale shi sai ya amayar da komai. Bai kai minti goma ba ya fara. Bai ambaci suna ba, ya ce wani yaro.

Ta cire alluran daga baki. "Yaron zai kai wasa shidan?"

"Zai iya kaiwa. Zai iya faɗuwa ranar Asabar. Allah kaɗai ya sani."

"To me kake jira?"

"Ke ba ki gane ba. In na buɗe baki, ba wanda zai sake shigowa ɗakina ya faɗi ciwonsa. Sai in zama munafuki a idonsu. Kuma in ya rasa tafiyar nan, har ya mutu ba zai yafe mini ba."

"Oho, kai yafiya kake nema." Ta juyo da kujera ta fuskance shi. "Maigida, shekara nawa na yi ina jin ka kana mitar tsohon nan, bawan Allah yana kabarinsa? Ya gani bai faɗa ba, ya gani bai faɗa ba, har na haddace. Ashe ba haushinsa kake ji ba, kujerarsa kake jira. Ni ce na yi shekara biyu ina kai wa bango abinci, don kai ba ka juyowa. Yaron nan yana da mata?"

"Yana da ita. Da jaririya."

"To ka je ka gaya mata dokarku, ka ji abin da za ta ce maka."

Ta koma kan ɗinkinta ta taka keken da ƙarfin da bai kamata ba, har zare ya tsinke. Sauro ya tashi ya je ya tuɓe takalmi.

Abu ɗaya ya ƙudura: ba zai zagaya ta bayan yaron ba. Washegari da aka tashi atisaye ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce, "Gobe da ƙarfe takwas zan shiga ofishin Likita. Ko ka riga ni, ko mu shiga tare, ko in shiga ni kaɗai. Zaɓi ya rage naka."

Fuskar Inji ta sauya. "Baba Sauro, ni za ka yi wa haka? Ni?"

"Kai ɗin."

"Don kai ka ƙare a kan wankin laka shi ne kake so kowa ya ƙare a nan? Baƙin ciki kake yi mini!"

Maganar ta soki Sauro inda ba ya so a taɓa. Ya ce, "Ƙarfe takwas," ya shige ɗakinsa.

Takwas ta yi, Inji bai zo ba. Sauro ya ƙara minti goma sha biyar yana leƙen hanya, sannan ya ɗauki takalman Inji da gwangwanin ya hau bene, matakala ɗaya-ɗaya, gwiwarsa tana ƙara. Likitar ƙungiya mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, kuma tun zuwanta ba ta taɓa ganin mai takalma a ofishinta ba. Ya jera mata ƙusoshin a kan tebur layi biyu, na hagu a sama, na dama a ƙasa, wata bayan wata. Ya kife takalman ya nuna mata inda suka ci. Ya gaya mata zancen allurar cikin gari. Abin da Inji ya faɗa game da zuciyarsa kuwa ya riƙe, don wannan na mai shi ne, shi zai faɗa da bakinsa in ya ga dama.

Ta ɗauki ƙusa ɗaya ta jujjuya. "Duk mako ina tambayarsa, yana ce mini lafiya lau. Har tsalle yake yi mini." Ta ɗaga waya ta kira Koci.

Koci ya shigo yana huci, mutum ne da kujerarsa take rawa in an yi rashin nasara biyu a jere. Ya ce yanzu saboda ƙusoshi za a zaunar masa da ɗan wasan da ya fi kowa? Tun yaushe mai wankin takalmi ya zama likitan ƙashi? Likita ta bar shi ya gama, ta ce ba za ta sa hannu a takardar wasan Asabar ba sai an ɗauki hoton gwiwar, in yana so ya sa hannun da kansa. Bai so ba.

Hoto ya nuna guringuntsin gwiwar ya yage, ruwa ya taru, amma babbar jijiyar tana nan ba ta tsinke ba, ta dai fara sanyi. Likita ta ce ƙaramin aiki ne da hutun wata huɗu zuwa biyar. Ta ce ba za ta yi rantsuwa cewa da ya ci gaba da jijiyar ta tsinke ba, amma ita dai ba za ta tsallaka rafi a kan irin wannan igiyar ba.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin azahar kowa ya san wanda ya hau bene da gwangwani. Ba wanda ya zagi Sauro a fuska, abin da suka yi ya fi zagi ciwo: washegari da aka tashi atisaye kowa ya zuba takalminsa a jaka ya tafi da shi gida. Kantar nan ta koma wayam. Sauro ya zama saniyar ware, ya gaida mutum a amsa masa da hanci. Zai zo da safe ya share ɗaki, ya cika bokiti, ya zauna shi da fanka har yamma. Ƙungiya ta sha kashi biyu cikin wasannin da suka rage, ta ƙare a ta huɗu. Wakilan nan na waje suka ɗauki wani daga wata ƙungiya suka yi gaba. Magoya baya da suka ji ƙishin-ƙishin suka riƙa yi wa Sauro ihu in ya fito da jakar ruwa. Ya rame, tumbin ma ya sassauta, kuma sau da yawa yakan tambayi kansa ko da ya yi shiru da yaron ya kai ƙarshe lafiya ya yi tafiyarsa. Ba shi da amsa, kuma ya san ba zai taɓa samu ba.

Su kuma masu yajin ba su ji da daɗi ba. Ashe wankin takalmin ƙwallo ba wankin silifa ba ne. Wani ya shanya nasa a tsakiyar rana fatar ta tsattsage. Wani ya ɗaure ƙusa da filaya ya lalata mazauninta, ta fice ana tsakiyar wasa ya sha ƙasa a gaban jama'a. Gola, da yake dama ba a cika samun mai cikakken saiti a cikin masu tsaron raga ba, ya sa nasa kusa da murhu don ya bushe da wuri, ya zo da ƙafa ɗaya ta lanƙwashe kamar ƙahon rago. Matar wani kuma ta ce ko takalmin ya bar mata ɗaki ko ita ta bar masa.

Kyaftin ne ya fara dawowa, mako uku bayan rufe gasa, lokacin da aka koma atisayen share fage. Ɗan baya ne mai shekara talatin da biyu, wanda ba ya dariya sai da dalili. Ya yi sallama ya shigo ya ajiye takalmansa a kan tebur, ba a gurbinsa ba. Sauro ya miƙa hannu zai ɗauki buroshi.

"Ba wanki na kawo ba, Baba. Kife su ka duba. Me ka gani?"

Sauro ya dube shi don ya tabbata ba gatse ba ne. Ya kife, ya shafa da babban yatsa. "Dunduniyar hagu ba ka son taka ta. Jijiyar agara ce?"

"Wata biyu ke nan." Kyaftin ya sosa ƙeya. "Na je duba yaron nan a gida. Yana tafe da sanda yana zaginka, amma ya yi ƙiba, kuma matarsa ta ce yana barci har da minshari. Ni shekara biyu nake so in ƙara kafin in ajiye. In na hau benen, za ka raka ni? Matar nan tsoro take ba ni."

Suka hau tare, mai ɗingishin dunduniya da mai ɗingishin gwiwa, Likita ta ɗago ta gan su ta gyara tabarau. Cikin mako guda kanta ta cika. Ba wanda ya ba da haƙuri, 'yan ƙwallo ba su iya wannan ba, sai dai mutum ya ajiye takalmi ya tsaya yana kame-kame, can ya ce, "Baba, ɗan duba mini mana." Dokar ba ta mutu ba, gyara aka yi mata ba tare da an zauna taro ba: zagin koci da kukan mutum suna nan a ɗakin takalma ba sa fita, amma ciwo hawa bene yake yi, kuma mai ciwon ne a gaba.

Inji dai bai sauko ba. Ya warke, ya fara gudu shi kaɗai a gefen fili, ya koma cikin 'yan'uwansa, amma takalminsa ta hannun gola yake aikowa, in sun haɗu da Sauro a hanya sai ya duba waya. Sauro bai bi shi ba. Yana wanke takalman ya jera a gurbinsu kamar na kowa, abin yana cin sa a rai, yana haɗiyewa.

Sai a wasa na bakwai na sabuwar kaka aka fara da Inji. Rana ce mai zafi, fili ya cika, Sauro yana can ƙarshen benci inda ya saba zama da jakar sifana da igiyoyi a tsakanin ƙafafunsa. Yaron ya yi wasa mai kyau, ba irin gudun hauka na da ba, yana tsayawa ya duba kafin ya miƙa, kuma daga ƙafarsa ƙwallon da aka ci ta fito. Bayan an dawo hutun rabin lokaci da kamar minti ashirin, ƙwallo ta fita, sai aka ga Inji ya juyo wajen benci ya ɗaga hannu yana juya yatsu biyu, alamar a canza shi.

Koci ya daskare. Likita ta miƙe da jakarta, Inji ya yi mata alama ta zauna, ba ciwo ba ne. 'Yan kallo suka yi ta kallon juna, don ba su taɓa ganin lambarsa a allon canji ba. Ya fito a hankali, ya tafa wa wanda zai maye gurbinsa, ya wuce Koci, ya wuce kujerun da aka matsa aka ba shi wuri, ya je can ƙarshen benci ya zauna kusa da Sauro. Yana haki, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Gwiwar ce?" in ji Sauro, idonsa a fili.

"A'a. Gwiwa lafiya lau." Ya goge fuska da riga. "Na gaji ne kawai, Baba."

Sauro ya sunkuya kamar mai neman wani abu a jaka, ya daɗe a sunkuye, sannan ya ɗago da gorar ruwa ya miƙa masa.

"To sha ka huta," ya ce. "Asabar mai zuwa ma akwai ƙwallo."

Inji ya karɓa ya sha rabi, ya zuba sauran a ka. "Ina so in buga ta kuwa," ya ce, kamar shi ma abin ya ba shi mamaki. "Wallahi ina so."